Na Ci Gardamar Taga, Ga Tsani Yana Jira Na

Malama Dolores,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, kafin Asabar ta farko a watan Mayu. Shekara arba'in da shida ina aure ban taɓa cin matata a gardama ba sai bana, kuma wannan cin da na yi shi ne yake neman kai ni ƙasa. Kada ki buga sunana. Garin nan kowa ya san kowa, kuma mazan da ke cewa ba sa karanta filinki na jarida su ne suke fara buɗe shi, har da ni.

Shekaruna saba'in da uku. Na yi talatin da uku daga ciki ina hawa falwaya a kamfanin waya, cikin iska, cikin ƙanƙara, har a ranakun da gashin hanci ke daskarewa, ban taɓa faɗowa ba. Na faɗi wannan ne don ki san irin mutumin da ke rubuto miki, kada ki ɗauka wani ne da kansa ke juyawa in ya taka kujera.

Gidanmu tsohon gidan katako ne a jikin tudu, surukina ne ya gina shi. Taga goma sha huɗu, takwas a ƙasa, shida a bene. Ta gaba kamar gidan kowa yake, amma ta baya ƙasa ta gangara wajen tafki, sai tagogin sama suka koma kamar hawa na uku. Kowace taga tana da tagar sanyinta, wato gilashi na biyu cikin firam ɗin katako da ake ratayawa ta waje, kowace da lambarta a kan ƙusar tagulla da surukina ya buga da hannunsa. Asabar ta biyu a Oktoba in wanke gilasai in rataya su. Asabar ta farko a Mayu in sauke su, in sake wanki, in sa ragar sauro. Haka na tarar, haka nake yi, ko shekarar da aka yi mini aiki a gwiwa ban fasa ba.

Wankin kuwa mu biyu muke yi. Ni a waje kan tsani, matata Arlys a ciki, da ruwan khal, wato ruwan tsami, da tsohuwar jarida. Ni ina gogewa a kwance, daga hagu zuwa dama, ita tana gogewa a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don in an ga zane a gilashi a san na wane ne. Uwarta ce ta kafa wannan doka, kuma tun da muke ba a taɓa samun zane a tsaye ba, in ji Arlys. In ta ga nawa sai ta ƙwanƙwasa wurin da zoben aurenta tana motsa baki, ni ma in motsa nawa. Gilashi ne a tsakani, ba mai jin wani. Duk faɗan da muka tara na wata shida a ranar muke yin sa, mu gama lafiya, mu zauna mu ci bandar kifi da burodi.

Sai maganar Orville, maƙwabcina na hagu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya cire tagoginsa ya sa irin na zamani, waɗanda ake danna 'yan sakatu biyu gilashin ya kwanto cikin ɗaki, mutum ya goge bayansa yana tsaye a kan kafet. Ranar farko daga kan tsanina na hango shi yana wannan aiki, silifa a ƙafa, kofin gahawa a gefe. Mu tsofaffin unguwa muna da tebur a wani gidan abinci, duk Alhamis da safe, mu bakwai. A nan na laƙaba masa Mai Silifa, tagogin kuma na ce da su tagar ragwaye. Sunan ya bi shi har coci, har jikokinsa sun san shi. Duk Mayu da Oktoba in na hau sai in ɗaga murya in ce, “Mai Silifa, yi hankali da kafet ɗin nan, an ce yana da santsi.” Shi kuwa sai ya ɗaga kofinsa ya ce, “In za ka faɗo, faɗo ta ɓangarenku, jiya na gyara shingena.” Bai taɓa ramawa da abin da ya fi haka ba, kuma haƙurin nan nasa ne yanzu yake ba ni tsoro.

To, ga abin da ban gaya wa kowa ba. Oktoban da ya wuce na gama goma sha uku, saura lamba goma sha ɗaya, ta ɗakin ɗinkin Arlys. Ita ce ta fi nisa da ƙasa, shi ya sa nake barin ta ƙarshe. Na kai sama lafiya. Na ɗaga kai in duba kusurwar gilashin, sai gidan ya juya. Ba ɗan jiri nake nufi ba, Malama, gidan ne gaba ɗaya ya karkata, tafkin ya taso ta gefen idona. Na rungume tsani da hannu ɗaya. Ƙafafuna suka ƙi sauka, suka ƙi hawa, ni da na koya wa samari sun fi arba'in yadda ake hawa falwaya. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da ya rage mini na mutunci jaridar da ke ɗaya hannun ce, sai na yi ta goge wuri ɗaya kamar na ga tabo mai taurin kai. Na goge har jaridar ta marmashe. Ina jin abin ya kai minti arba'in.

Allah ya rufa mini asiri, Arlys ba ta lura ba. Ranar ita ma nawar aiki ce ta kama ta, ta tsaya a gilashin nan ɗaya tana ta gogewa duk tsawon lokacin, ita da kan gama ɗaki kafin in matsar da tsani. Can sai ta ɗaga tagar ta ce igiyar da ke riƙe ta kamar ta tsinke, in shigo ta nan in duba mata yanzu yanzu, ba ta son in zagaya in tattake mata matakala da takalmi. Ta kama ni ta bel don kada in taɓa mata labule, na mirgino cikin ɗaki. Na duba igiya, lafiyarta ƙalau. Kin dai san halinku. Sannan ta ce a bar tagar sanyin nan bana, ɗakin yana mata zafi, ɗakin da duk shekara take cewa yatsunta na sandarewa in tana ɗinki. Na ɗan yi musu don kada ta gane, sannan na ce to.

A watan Maris abin ya sake zuwa, ina kan kujerar kicin ina canza ƙwan lantarki. Wannan karon ba ta gida. Ban je wurin likita ba, don matarsa da Arlys tare suke waƙa a coci.

Na tsallake wani abu, bari in koma. Bayan sabuwar shekara Arlys ta ɗauko maganar canza tagogi, wai sanyin ƙashin hannunta ne, ɗaga tsofaffin yana ba ta wahala. 'Yarmu Britta ta taso daga Minneapolis da takardun talla cike da jaka. Malama, rabon da wata magana ta yi mini daɗi haka na manta. Amma ki dubi inda nake tsaye. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa mutum tsiya, ba zan tashi rana ɗaya in ce na yarda ba. Sai na shirya dabara mai sauƙi: in ƙi, in yi hayaniya yadda Orville zai ji daga gidansa, sannan a kayar da ni kamar kullum. Na ƙi motar nan an saya, na ƙi koren fentin kicin an shafa, na ƙi kare, ga shi nan kwance a kan ƙafata ina wannan rubutu. Ranar Alhamis in je in ce, “Kun san mata, ni dai na yi iya yina.” Ba wanda ke teburin nan da bai taɓa faɗin haka ba.

Har na tsallaka gada zuwa garin Superior, inda ba a san ni sosai ba, na jawo hula kan ido na shiga shagon tagogi. Na danna sakatun nan biyu, gilashin ya kwanto hannuna a hankali. Na mayar, na sake, sau shida ko bakwai. Mai shagon ya tambaye ni ko lafiya, na ce ƙanin matata nake duba wa, rago ne.

Dillalai uku suka zo gida. Na farko na ce firam ɗinsa roba ce, ba a sa roba a gidan da aka gina da itace na gaske. Na biyu ya dafa kafaɗata ya kira ni saurayi, wannan ko ba dabara da na kore shi. Ta uku mace ce, ta san aikinta. Ta zo da ƙaramar taga ta gwaji, ta bar Arlys ta buɗe da kanta, ba ta matsa a sa hannu a ranar ba. Irin wadda na gani a Superior ce sak. Na ga Arlys ta ɗauko biro, na ce a raina lokacin faɗuwata ya yi, bari in yi ta ƙarshe mai kyau. Na miƙe na bugi tebur na ce, “Muddin ina numfashi ba mai wanke taga da silifa a gidan nan. Ranar da aka shigo da waɗannan a haɗo da akwatin gawata, don an gama da ni ke nan.” Ni kaina na ji maganar ta fita da kyau.

Arlys ta dube ni, ta daɗe tana kallo. Ta ajiye biron, ta tattara takardun ta miƙa wa matar, ta ba ta haƙuri. Ta juyo ta ce, “Shi ke nan, ka fi ni gaskiya. Mun fasa.” Britta ta ce, “Mama, wane irin mun fasa?” Ta ce, “Ki bar ubanki.” Yarinyar ta koma Minneapolis ko abinci ba ta ci ba, har yau in ta bugo waya uwarta take nema.

Orville ya ji, kamar yadda na so. Ranar Alhamis shi ya ba da labari, aka tafa mini, aka ce ni kaɗai na rage namiji a layinmu. Uku daga cikinsu sun ce za su zo da kujerunsu ranar Asabar ɗin su kalli yadda ake aiki. A gida kuwa na gwada komai. Na ajiye takardar talla a kan teburin kicin, ta fere dankali a kai. Na ce iska na shigowa ta tagar ɗakin kwana, ta miƙo mini rigar sanyi. Na ce Britta fa tana fushi, ko dai mu duba maganarta, ta ce ai namiji ba ya magana biyu. Ta sayo ruwan khal kwalba biyu, tana tara jaridu a bakin ƙofa, kullum tulin yana ƙaruwa ina kallo.

Tambayata biyu ce. Ta farko, yaya zan yi in sa ta sake tayar da faɗan nan har ta ci ni, ba tare da ta gane ni na shirya ba? Ta biyu, idan mutum zai sa irin tagogin nan, wace iri ce ta fi, don na ga akwai mai kwantowa, akwai mai hannun murzawa, akwai mai zamewa gefe, kowane dillali kuma tasa yake yabo. Kada ki ce in gaya mata gaskiya. Matar nan a kan falwaya ta fara ganina, ƙofar gidan ubanta, tana 'yar shekara ashirin da uku. Ban san abin da zai rage mini a idonta ba in ta ji ta kama ni ta bel ne a ranar da na kasa sauka daga tsani. Saura mako uku.

Mai Tsani, Duluth

Malam Mai Tsani,

Ka ɓoye sunanka, ka bar na matarka da na 'yarka da na maƙwabcinka da lambar tagar ɗakin ɗinki. Na canza sunayen duka, kada ka damu.

Zan fara da abin da ba ka tambaya ba. Ba za ka hau tsanin nan ba, ba ranar Asabar ɗin ba, ba wata ranar ba, har sai likita ya duba ka. Jirin da ke zuwa in an ɗaga kai sau da yawa daga cikin kunne yake, kuma akan yi maganinsa cikin sauƙi. Amma yana iya zama hawan jini ko zuciya ko wani maganin da kake sha, ni da kai kuwa ba mu da yadda za mu bambance. Ka je makon nan. Likita ba ya kai maganar marar lafiya gida, in kuma zuciyarka ta ƙi yarda, ba shi kaɗai ne likita a garin ba. Mutumin da ya koya wa samari arba'in hawa ya san abin da zai ce da wanda ya zo aiki kansa na juyawa.

Yanzu tagogi. Kana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma zan ba ka ita: tsohuwar tagar katako mai lafiya, da tagar sanyi a bayanta, tana tare sanyi fiye da yadda dillalai ke so a sani. Ba dole sai ka cire goma sha huɗun ba. Na ƙasa da kake yi ƙafarka na kan ƙasa, ka bar su da ƙusoshin surukinka, ku ci gaba da faɗanku ta gilashi. Shidan sama su ne maganar, da duk ta ƙasa da sai da tsani ake kai mata.

Wadda ka yi wasa da ita a Superior, mai gilashi biyu sama da ƙasa, ita ce ta fi dacewa da gida irin naku. Sai dai ka tabbata duka biyun suna kwantowa. Akwai mai kama da ita, mai rahusa, wadda na ƙasa kawai ke motsi, na sama a kafe yake, kuma bayansa sai da tsani. Mutane da yawa sai bayan an gama aiki suke ganewa. Mai hannun murzawa, wadda ke buɗewa waje kamar ƙofa, ta fi rufewa gam, amma ana iya goge ta daga ciki ne kawai idan ta bar sarari ta gefen da take manne, wanda hannu zai shiga har kafaɗa. Ba kowacce ke bari ba, don haka ka zura hannunka a shago ka gani. Mai zamewa gefe ɗaga ta ake yi a cire gaba ɗaya, tana da nauyi, ba ta masu shekarunku ba ce. Wadda ba ta buɗewa sam, komai kyanta, kada a sa ta a bene. Ka kuma tambaya ko ragar sauron tana fita ta ciki, in ba haka ba ka sayi tagar zamani ka koma kan tsani saboda raga.

Kada ku yanke shawara a kan 'yar tagar gwajin da ake yawo da ita a jaka. Ku je shago ku biyu, ku nemi mai girman taku. Gilashi mai ninki biyu ko uku, wanda sanyin Duluth ke bukata, yana da nauyi in ya kwanto, kuma a hannun mai gogewa yake sauka. Arlys ta danna sakatun da yatsunta, ta kwantar, ta mayar da kanta. Idan ta sha wuya, a nemi wata. Ku auna kuma ko gilashin zai sami wurin kwanciya, don teburin ɗinki a gaban taga ba ya matsawa da kansa. Mai aikin ya caccaki tsohon firam ya gani: in itacen na da rai, sabuwar za ta zauna a cikinsa, sai dai gilashin ya ɗan ragu, in kuwa ya ruɓe a cire har gindi. A ɗakin kwana kada a rage buɗewar har babba ya kasa fita in gobara ta tashi. Gida mai shekaru irin naku fentinsa na iya ɗauke da dalma, ka tambayi yadda za su tare ƙurar. Kuma ka sani mai kafawa ya fi sunan kamfani muhimmanci. Matar nan da ba ta matsa muku ba, ita za ka kira, ka fara da ba ta haƙuri, duk abin da kuka yi magana a kai a rubuta shi.

Ba za a gama wannan kafin Mayu ba, aunawa da kawowa kan ɗauki makonni. Tagogin sanyin sama su zauna inda suke, masu aikin za su sauke su. Ba wanda zafi ya taɓa kashewa a Duluth a watan Mayu.

Orville kuma, kada ka jira ya ga motar masu aiki. Ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ka ce ya nuna maka tagoginsa, ya gaya maka abin da zai canza da yau zai saya. Shekara goma sha ɗaya yana amfani da su, ya fi duk dillalanka sani. Zai yi maka tsiya, teburin ma zai yi, wataƙila har a sa maka suna. Ka daɗe kana yi wa wani, ka ɗanɗana kai ma, ba ta kisa. Masu kujerun nan uku ka tambaye su yaushe rabon ɗayansu da tsani.

Tambayarka ta farko ba zan amsa ta ba, don dabarar da kake nema ba ta da amfani. Ka sake karanta wasiƙarka a hankali. Mace mai gama ɗaki kafin ka matsar da tsani ta tsaya minti arba'in a gilashi ɗaya, fuskarka a gabanta, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Igiyar da ta ce ta tsinke lafiyarta ƙalau. Ɗakin da ke sandarar mata da yatsu ya zama mai zafi a rana ɗaya, ta yi ɗinki a cikinsa duk tsawon sanyin nan ba tagar sanyi. Sai ga shi bayan sabuwar shekara hannunta ne ke ciwo, ba kanka ba. Malam, ba don labule aka kama ka ta bel ba. Abin da kake tsoron ta ji, ta gan shi tun Oktoba da idonta, kuma ka ga abin da ta yi da shi: ta shigo da kai ɗaki, ta nemo maka uzuri, ta ɗauki laifin canza tagogi ta ɗora wa yatsunta.

Ba zan wanke ta tas ba. Da ta zaunar da kai ta faɗa maka a fili, ko ta kai ka asibiti da kanta, da an huta. Ku biyun kun ɓata wata shida kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa a ɓoye, 'yarku kuma tana can tana fushi a kan wasan da ba a gaya mata ana yi ba. Ita ma ka kira ta.

Amma ka tsaya a kan ranar biron. Kai ka san wasa kake yi da ka ambaci akwatin gawa, ita ba ta sani ba. Ta ji mijinta ya ce in aka raba shi da tsani an gama da shi, ta gaskata, ta auna abu biyun da ke gabanta, ta ga gara ta bar ka ka hau tana kallo da ta zama ita ce ta karya ka. Ba ka ci gardama ba, kyauta aka ba ka, mai tsada kuwa. Wataƙila akwai ɗan horo a ciki, tana jira ka sauko da kanka, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba kai kaɗai ke ƙirga makonni ukun nan ba, kuma in ranar ta zo ita ce za ta tsaya a ciki tana kallon ka.

Don haka ka gaya mata yau, da bakinka, kuna zaune. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce kanka ya juya a Oktoba, ya sake a Maris, tsoro kake ji, kuma maganar akwatin ƙarya ce. Na Maris ɗin ba ta san shi ba, zai girgiza ta. Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi maka faɗan da ba ka taɓa ji ba, wannan karon kana jin kowace kalma. Ka zauna ka saurara har ta gama, ta daɗe tana riƙe da shi ita kaɗai.

Allah ya ba ka lafiya, ya ƙara muku shekaru tare, ya sa daga yau ita ma ta sami barci.

Dolores